Bana Ba Shanu a Gonar Irmiya

Shekara tara ke nan Irmiya da Modibbo suna kan abu guda. Da an girbe dawa, Modibbo yakan koro shanunsa daga wajen Dukku ya sauka a gonar Irmiya da ke bayan Ibeto. Shanu su ci kara, su bar taki, bayan wata biyu kowa ya kama gabansa. Ba takarda, ba shaida. Da damina sukan haɗu a kasuwa, wannan ya ce, "Bana ma?" wancan ya ce, "Bana ma." Magana ta ƙare.

A shekarar da ta biyo bayan yaƙin basasa, sun riga sun yi wannan magana, sai ga malamin gona daga Kontagora a kan babur. Ya zaga gonar, ya murza ƙasa a tafin hannu, ya ce ita za a mayar gonar gwaji. Za a ba Irmiya iri da takin zamani kyauta. Sharaɗi ɗaya ne: kada kashin shanu ya taɓa ƙasar, don a ga aikin takin shi kaɗai. Irmiya ya dangwala yatsa a takarda. Ba mantawa ya yi da Modibbo ba. Yana sane, kuma wannan ne ya riƙa cin sa daga baya.

"Baban Naomi, ka je ka gaya wa mutumin nan tun da wuri," in ji matarsa Marta.

"Zan je. A gama yankan gero tukuna."

Aka gama gero, bai je ba. Sai da dawa ta nuna ya ba maƙwabcinsa Haggai saƙo, da yake yana cin kasuwar wajen su Modibbo. A lokacin kuwa kowace gona ta riga ta sami garkenta.

Wata safiya Modibbo ya iso shi kaɗai, sanda a kafaɗa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, har da tambayar akuya.

"Kaɗo, na ji ka yi sabon aboki mai babur," in ji Modibbo yana dariya. "Shi ma nono yake ba ka?"

"Buhu yake ba ni."

"To, gonarka ce."

Irmiya ya so a ce faɗa aka yi masa. Ya tambaye shi ina zai nufa da shanun. Modibbo ya ce ya zaga Ibeto da Tungan Magajiya, duk an riga shi. Sai dai kudu, bakin kogi. Dukansu sun san bakin kogi akwai ciyawa, akwai kuma tsando, ƙudan da ke sa wa shanu sammore.

Nan take dabara ta zo wa Irmiya, har ya ji sanyi a ransa. Malamin gona shanu ya hana, bai hana kara fita ba.

"Modibbo, ka sauka can bakin daji. Ni da mutanen gidana za mu sare karan, mu ɗaure, mu kai maka har ruga. Ba abin da ka rasa."

Modibbo ya daina dariya.

"Takin fa? Wa za su bar wa?"

"Daji mana. Ni bana ba na buƙata."

"Wato su ci naka, su kasa ba ka komai." Ya gyara sandarsa. "Malam Irmiya, shekara tara ban taɓa yi maka godiya ba, kai ma ba ka taɓa yi mini ba. Ka lura? Yanzu so kake in fara."

"Shanunka za su mutu saboda godiya?"

"Wataƙila ba za su mutu ba."

Marta ta kawo masa fura, ya sha, ya yaba, ya yi sallama.

Duk da haka Irmiya ya sare karan. Kwana huɗu suna ɗauka shi da Marta, suka tara a bakin daji inda duk mai wucewa da shanu zai gani. Kullum da hantsi yakan leƙa. Yana tafe yana auna abin: ya janye gona, ya mayar da kara, to me ya rage da bai mayar ba?

Ranar Laraba garken ya biyo ta hanyar. Shanun gaba suka karkata wajen tarin, Modibbo ya ɗaga sanda ya yi musu tsawa da Fillanci, suka koma layi. Ya ɗaga wa Irmiya hannu daga nesa, Irmiya ya ɗaga masa. Suka yi kudu.