Kar Ka Ce Namu

Kafinta mutum ne da bakinsa bai iya cewa "nawa" ba. Ko hular kansa ka yaba, sai ya ce, "Ai hular tamu ta tsufa." Wannan kawaicin ne ya jawo musu. Ranar da ma'aikacin haraji ya shigo filin da shagonsa yake jingine da na yayansa mai walda, ya tambayi mai wurin, Kafinta ya ce namu ne. Sai aka rubuta shagunan biyu a matsayin kamfani guda, aka lafta musu harajin manyan masana'antu. Suka kai ƙara kotu, in kuwa suka faɗi, ƙofofin biyu za a garƙame.

Lauyarsu, wata siririyar mata da ba ta da lokacin wasa, ta tare shi a barandar kotu.

"Baba, don Allah yau kar ka ce namu. Shagonka daban, na yayanka daban. Ko ba gaskiya ba ne?"

"Gaskiya ne, 'yata. Kowa da cinikinsa."

"To haka za ka faɗa."

Yaya na gefe yana murza hannayensa masu tabon wuta. Ya ce, "Ka ji dai abin da ta ce, Ƙarami. Kar ka kwafsa."

A ciki fanka na juyawa a banza, gumi ya jiƙe wa Kafinta baya. Lauyan hukumar haraji ya taso a hankali, muryarsa da laushi kamar ya zo gaisuwa. Irin waɗannan su ne abin tsoro.

"Mitar wuta ɗaya ce, ko?"

"Ɗaya ce, amma kowa na biyan rabonsa."

"Masu kawo aiki fa?"

"Kowa da nasa."

"Mu" ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta da ƙyar. Lauyarsu ta ɗan saki numfashi.

"To babban injin yanka katakon nan, wa ya saya?"

Kafinta ya tuno asalin injin. Shekarar da gobara ta cinye masa shago, Yaya ne ya sayar da babur ɗinsa ya kawo injin, ya koma tafiya a ƙafa, kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

"Yayana ne."

"Ke nan yana da kaso a ciki."

"Kyauta ya ba ni."

"Kana gaya wa kotu yayanka ba shi da komai a shagon nan? Ko ƙusa ɗaya?"

Kafinta ya waiga. Yaya na zaune a bencin baya, ya sunkuyar da kai. Lauyarsu ta kafe Kafinta da ido, biro ya tsaya cak a hannunta. Kunya ta kama shi kamar a tsaga ƙasa ya shige.

"Ba shi da komai. Nawa ne."

"Ɗaga murya, ba na ji," in ji alƙali.

"Nawa ne, ni kaɗai. Ba shi da komai a ciki."

Da aka dawo zaman hukunci, alƙali ya soke harajin, ya ce a sake yanka wa kowane shago nasa daidai ƙarfinsa. Lauya ta yi murmushi, ta ce Baba ya yi ƙoƙari.

Washegari Kafinta na goge katako sai ya ji sallama. Yaya ne, mutumin da tun tasowarsu yake faɗowa shagon ya ɗauki abin da yake so ba tambaya. Yau a bakin ƙofa ya tsaya.

"Ƙarami, ko za ka ara mini gudumarka?"

"Haba Yaya, gudumarmu ce fa."

Yaya ya dubi titi, ya dube shi. "Rage murya. In na gama zan kawo maka."

Da yamma kuwa ya dawo da ita, ya ajiye a bakin ƙofa, har da cewa ya gode.