Farin Ruwan Kwatar Challawa

Lambun yayana Gwadabe a bakin kwatar wata masaƙa yake, can Challawa. Duk manomin gaɓar ya san ƙa'ida. In ruwa ya zo ja ko shuɗi, ranar rini ce, akwai soda a ciki, sai kowa ya toshe bakin magudanarsa da buhun yashi. In ya zo fari, na ɗauraya ne, sai a buɗe a ba shuka. Ni Sauda, alayyahunsa nake kasawa a Panshekara, da shi gidanmu ke ci.

Kwatsam sai ga wata Esta, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwajen kamfanin, da sabuwar dabara. Wai ta haɗa wani gari daga ruwan ganyen zogale da sinadarin ƙarfe, ya fi kwalli laushi, in an barbaɗa shi a ruwan rini sai ya tsotse launin ya kwanta a ƙasa. Masu kamfani har da tafi, don jami'an muhalli sun hana su sakat kan jan ruwa. Ba wanda ya tako gaɓa ya ce mana uffan. Mu a su wa?

Yaya ya ga ruwa garai-garai, ya yi hamdala, ya janye buhu. Kafin sati ya zagayo alayyahu ya ƙone ƙurmus, albasa ta kwanta. Na yi kuka, da labarin dabarar ya iso mana kuma na tsani matar nan tun ban san kamanninta ba.

Yaya ya ɗaure matacciyar shukar dami guda, na bi shi har ƙofar kamfani. Sai da ya tara mutane da hayaniya sannan mai gadi ya kira ta. Ta fito da farar rigarta, ko ɗigo babu.

"Ke ce mai wanke ruwa?" in ji Yaya, ya watsa mata damin a ƙafa. "To ga tukwicinki."

"Malam, ku yi haƙuri," ta ce. "Garin nan, launi kawai yake ɗauka, sodar tana nan. Na faɗa wa manaja. Kuma dama ruwan nan ba na noma ba ne."

"Ba na noma ba ne? To da yawu zan ba shuka? Rijiyarmu ma ai kun kashe ta!"

Na ce, "Baiwar Allah, guba ce dai kika sa wa farar riga."

Ta harare ni, na rama.

"'Yar nan, ban ce ki gyara komai ba," Yaya ya ce wa Esta. "Ki maido mana da jan ruwanmu, mu san ranar mutuwarmu."

"Malam, in launi ya dawo rufe kamfanin za a yi. Ma'aikatan nan duk su koma ina?"

Ta juya ciki, mai gadi ya ja ƙofa. Har yau ruwan fari yake fita, jami'ai sun daina zuwa.

Yaya ya sake shuka, don ba shi da wata sana'a. Yanzu kullum da safe sai ya tsoma hannu a kwata ya murza yatsu. In ya ji santsi da raɗaɗi, ya toshe. In bai ji ba, ya buɗe. Fatar yatsun duk ta tsattsage, miya ma ba ta taɓuwa. Jiya na kai masa tuwo, ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce in miƙo masa cokali.