Zarto da Kwalekwalen Dona Zuleide

Kyamara, zarto, akwatin ƙarfe mai gano guba a iska, buhun garin rogo, kofi. Abin da suka lodo ke nan a jirgin ruwan soja. Sajan Ubiratan na zaune kan buhun, zarton a cinyarsa, yana kallon gaɓar kogin da ya bari tun yana saurayi.

Kyaftin Valdemar, shugaban tafiyar, ya ce, "An ce tsohuwar mai kwalekwalen, Dona Zuleide, uwar baftismarka ce. To, ka lallashe ta. Katako ɗaya kawai muke so."

Tun farkon damina masunta ke kai ƙara barikin sojan sama, wai wani haske na sauka kan ruwa da sanyin safiya, ba ƙara, ba hayaƙi. Aka yi ta yi musu dariya, sai da hasken ya ƙona gefen kwalekwalen Dona Zuleide tana ciki, ya bar tabo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Suka tarar da ita a ɗakin ajiyar kwalekwalen tana ɗinkin taru.

Ubiratan ya cire hula, ya kira ta yadda ake kiran uwar baftisma a garinsu. "Dinda, sa mini albarka."

"Allah ya yi maka. Kai, ba sa ba ku abinci ne a can? Dubi wuya kamar na balbela."

Kyaftin ya yi gyaran murya. "Dona Zuleide, me kika gani?"

"Abin da na gaya wa soja na farko da na biyu da suka zo kafin ku. Na biyun ya tambaye ni ko na sha giyar rake. Na ce na sha, amma kwalekwalen bai sha ba."

Kyaftin ya kara akwatin a jikin tabon, akwatin ya yi shiru. Ya ce za a yanke wurin a kai birni a bincika, a liƙa mata sabon katako.

Ta ajiye allura. "Ka taɓa ganin an cire wa Kirista haƙarƙari an liƙa masa na wani? Kwalekwalen nan yana da suna, Benedito. Rana ɗaya Fadan coci ya zuba musu ruwan baftisma shi da sajan ɗin nan naka, daga kwano ɗaya, ni na tsaya musu. Kwalekwalen da zarto ya taɓa, kogi ba ya sake karɓarsa. Daga nan in ci me? Hotonku?"

"Sajan, yanka. Umarni ne."

Ubiratan ya matsa, ya ɗora haƙoran zarton a kan tabon. Tsohuwar ba ta roƙe shi ba, kallonsa kawai take. Kusa da yatsansa ga gurbin da filafili ya cinye, inda ya koyi tuƙi tana mangare masa ƙeya.

Ya ɗaga zarton ya wurga shi waje, ya faɗa cikin taɓo.

"Yallaɓai, kun zo neman abin da ya sauko daga sama. Ku ɗaga kai ku nema. Wannan na ƙasa ne."

Kyaftin ya fita a fusace ya tsaya a bakin ƙofa. "Ka san igiyoyin kafaɗarka za su tafi?"

"Na sani. Ga taga nan, ku ɗauki hoto iya son ranku."

Ubiratan ya ja ƙyauren daga ciki, ya danna sakata.

"A cire igiyoyin. Ba na yanka ɗan'uwana."