Farin Allo

Sau biyu Mai Fenti ya yi magana daga kan tsani, ba a amsa masa ba.

"Sauya-Sheƙa, farin ya bushe fa. Me zan rubuta, ko sai na yi duba?"

Maƙwabcin nasa yana kan benci a ƙofar shago, hannu a gwiwa, ido a titi. Haka yake yi duk sa'ad da zai canja sana'a: ya sayar da kayan shago kaf, ya zauna kwana uku yana kallon masu wucewa. Ya sha faɗa cewa shi ba fuskar mutane yake kallo ba, abin da ke hannunsu yake kallo. Da ya ga an daina ɗaura agogo, ya bar gyaran agogo. Ya yi kaset, ya yi hoto, ya yi cajin waya. Da zarar mutum uku sun kwaikwaye shi a layin, sai ya share kantocin shagon. Sau tara Mai Fenti yana shafe masa allon saman shagon, har fentin ya yi kaurin farce.

Yau ce rana ta uku.

Mai Fenti ya sauko yana mita. Abin da ya fara gani ƙuda ne a gefen idon mutumin, yana ta yawonsa, idon kuma ko ƙiftawa. Ya dafa masa kafaɗa, sai jikin ya zame a hankali ya jingina da ƙofa. Mai Fenti ya yi salati da muryar da shi kansa bai gane ba. Burushin yana hannunsa, yana ɗiga a kan takalminsa.

Mai gyaran taya na layin ya rantse ɗazu ya gaishe da Sauya-Sheƙa, har ya ga kamar ya gyaɗa kai.

Bayan kwana biyu babbar 'yar mamacin ta buɗe shagon. Kantoci wayam, sai tsintsiya. Shagon nan shi ke ciyar da baki bakwai, kuma ko uwarta ba ta san sana'ar da ya nufa ba. Ta duba aljihunansa, ta duba wayarsa, babu komai. Sai ta juya ga Mai Fenti, wanda ya dawo da gwangwanin fentinsa.

"Baffa, kai kaɗai yake gaya wa. Me ya ce ka rubuta?"

Mai Fenti ya so ƙwarai ya yi mata ƙarya. Ya ɗaga kai. Rana ta bugi allon a karkace, tsofaffin haruffa suna leƙowa ta ƙarƙashin farin, rabin agogo a kan rabin waya.

"Cewa ya yi sai ya gama gani, 'yata."

Ta daɗe a tsaye. Can sai ta kakkaɓe bencin da gefen mayafinta, ta zauna inda uban ya zauna.

"To kada ka rubuta komai tukuna."

Ya danne murfin gwangwanin da ƙafa. Wata mata ta wuce da wani abu a leda, idon 'yar ya bi ledar har kwana.