Jirgin Bilyaminu Ba Shi da Ido

Ina tankaɗen garin dawa bayan la'asar maƙwabciyata Zulai ta leƙo ta kan danga ta ce 'yan sa-kai sun kama Bilyaminu a filin bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Na ce da wane laifi. Ta ce wai infoma ne.

Bilyaminu jikana ne, ɗan Mubarak ɗana, wanda ɓarayin daji suka kashe a gonarsa shekarar da muka baro ƙauyenmu na ƙasar Zurmi muka dawo Kaura. Wannan yaron ne aka ce yana kai wa ɓarayi rahoto. Kowa a garin nan ya san wanda aka kira da wannan suna, in magariba ta same shi a hannunsu, ba kullum ake ganinsa da safe ba.

Ni ban yi boko ba, amma na san abin da yaron ke yi. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji yake tsintowa kasuwa, ya fere shi da reza, ya ɗaura masa ɗan inji da batir, abin ya tashi sama ya yi ta zagaye har ya faɗo. Ya ci jarrabawar shiga jami'a, ya ce karatun ƙera jirgin sama yake so. Makarantun da ke koyar da shi ba su da yawa. Ya lissafa mini ta Kaduna wadda ke hannun sojan sama, da wata a Kwara, da wata a Legas. Kaduna ya zaɓa. Da na tambaye shi dalili ya ce, “Don ta fi kusa, tsohuwa. In kin mutu in samu jana'iza.” Na ce shi zan fara binnewa, miji marar cefane.

Na yafa zanen da ke kan igiya na biya gidan Malam Sirajo, malaminsu na kimiyya. Yana alwala na ce ya ƙarasa a hanya. Ya ɗauko ni a babur ɗinsa.

Ofishin 'yan sa-kan shago ne guda mai ƙofar ƙarfe. Mutane sun cika bakin ƙofar, har da masu tallar gyaɗa. Na ratsa su da gwiwar hannu. Bilyaminu na zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannuwa ta baya, leɓensa ya kumbura. Jirgin na kan tebur da fiffike guda a karye. Bayan teburin Jabiru ne, shugabansu. Tare muka yi gudun hijira da uwarsa, a mota guda.

“Inna Azumi, koma gida,” in ji shi. “Bincike muke yi.”

“Da baki kake bincike ko da sanda? Wa ya fasa mai leɓe?”

“An gane shi shina tada wanga abu saitin inda yarana ke gadi. Ba sau guda ba. Kwana kaɗan anka tare hanya. Ga wayarshi nan, jiragen yaƙi ne cike da ita, da taswira.”

“To abin ido gare shi?”

Ya dubi jirgin, na ƙara matsowa.

“Na ce ido gare shi? In leƙen asiri shi kai, da mi shika gani? Farke cikinshi gaban kowa.”

Bilyaminu ya ɗago kai. “Kaka, kada su...”

“Rufe mini baki. Soso ne, kasuwa cike take da shi.”

Jabiru ya zaro wuƙa ya tsaga cikin jirgin tun daga hanci har wutsiya. Batir ya faɗo, da 'yan wayoyi ja da baƙi, da wani ƙyalle da na gane daga tsohon ɗankwalina aka yage shi. Ya juya su da bakin wuƙa, ya sake juyawa. Babu kyamara. Na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka. Amma daga bakin ƙofa wani ya ɗaga murya ya ce, “To hotunan jiragen yaƙin fa?” Wasu suka amsa masa. Aka fara matsowa ciki.

Malam Sirajo ya juya wajen taron, ya ɗaga hannu irin yadda yake yi a aji. “Jama'a, ku saurara. Yaron nan ɗalibina ne. Jami'a ya nema, karatun injiniya. Hotunan nan na makarantar da ya zaɓa ne a Kaduna, wadda take ta...”

Jabiru ya tsallako tebur ya damƙe masa hannu, ya sa ƙafa ya tura ƙofar ƙarfen ta rufe. Ɗakin ya yi duhu, sai hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa.

“Malam, kashe shi za ka yi?” ya ce a hankali. “Cikin mutanen ga da ke waje akwai infoma na gaske, ban san ko wane ne ba. Ka ce sojan sama, kahin isha'i daji ya ji akwai yaro Kaura da za shi koyon jirgin da ke jefa musu wuta. Ba shi kaɗai za su zo nema ba, unguwar duka ce.”

“Ai farar hula ma suna karatu can,” in ji Malam. “Ba soja zai zama ba. Ƙira ce da lissafi.”

“Tahi daji ka yi musu wanga bayani.”

Ana buga ƙofa daga waje.

Na ce wa Jabiru, “To fita ka hwaɗa musu ba shi da laifi. Iyakarta ke nan. Kai ka kama shi gaban mutane, kai za ka wanke shi gabansu.”

“In na ce hakanan sai sun tambayi hotunan, don yarana sun riga sun nuna ma kowa. Ba ni da amsa sai wadda ba ta hwaɗuwa. Abin da zan iya, in ce na ba ki shi a hannu, bincike bai ƙare ba. Za su yi gunaguni su buɗe hanya.”

“Ya fita da sunan infoma ke nan. Ɗan Mubarak.”

“Ya fita da ranshi, Inna.”

Na dube shi. Rabin maganarsa gaskiya ce, rabi kuwa ba ya son ya tsaya gaban jama'a ya ce yaransa sun daki marar laifi. Na san da haka, shi ma ya san na sani. Hasken ƙasan ƙofa ya fara yin ja. Da don ni ce, da na buɗe ƙofar nan na faɗi komai da ƙarfi, wanda zai zo ya zo. Tun ina yarinya ban iya haɗiye magana ba. Na dubi Bilyaminu, na ga ya ƙura wa ƙofar da ake bugawa ido.

“Kwance shi,” na ce.

Jabiru ya buɗe ƙofa ya faɗi abin da ya ce zai faɗa. Muka fito, na riƙe hannun yaron, Malam na biye. Aka buɗe mana hanya siririya. Wata mata da muke ɗiban ruwa a famfo guda ta tofar da yawu gefen ƙafata. Wani ya ce, “Kakar infoma.” Na ciji harshena har na ji gishirin jini, ban waiga ba.

Da safe na raka Bilyaminu tashar motar Gusau. Malam ya yi magana da ƙanensa da ke can, zai sauke shi, kuma ya kai shi inda ake canza makarantar da mutum ya zaɓa. Leɓen ya ƙara kumbura, maganarsa na fita a karkace.

“Kaka, Kwara da nisa fa. Legas ta fi ta. Mota kwana take a hanya. Kaduna kuwa...”

“Ko sunanta kada in sake ji.”

“To wace zan sa?”

“Wadda babu soja ko a bakin ƙofarta. Ka tambaya da kyau kahin ka sa hannu. Kuma ba ka dawowa hutu sai na aiko.”

“Wa zai ɗebo miki ruwa?”

“Kai dā kana ɗebowa? Shiga mota.”

Ya shiga, ya zauna ta taga, bai dube ni ba. Na tsaya har motar ta sha kwana.

Daga tasha ban koma gida ba. Ofishin Jabiru na wuce, na same shi yana shan koko a bakin ƙofa. Na jawo bencinsu na zauna a tsakiya, inda duk mai shiga sai ya raɓa ni.

“Inna, ai an gama,” ya ce.

“Wancan an gama. Yanzu wanda ya fasa mai baki nika so. Ka kawo mini shi nan ya durƙusa, ba ruwan wannan da daji.”

Ya ce yaron nasa ya fita aiki wajen ƙauyen Banga, ba a san lokacin dawowarsa ba. Na ce ba ni da abin yi yau, na gyara zama.