Hannun Baba a Bakin Ƙofa

Yayata Mazol tun tana ƙarama take ɗinke raunin duk wanda ya faɗi a unguwarmu ta Yahudawa a Samarkand. Likita take so ta zama, ba wani abu ba. Amma sau biyu makarantar likitoci ta Tashkent tana koro ta don ita Bayahudiya ce, alhali ta fi masu tambayar sanin amsa. A na uku wani maƙwabci ya samo mata takardun da suka ce ita 'yar ƙabilar Tajik ce, sunanta Manzura.

Babanmu Rahmin, wanzami, ya kafe sai ya raka ta.

"Baba, don Allah ka zauna," in ji ta. "Fuskar nan taka kaɗai ta isa ta tona mu."

"Ke tafi can! Shekara nawa ina aske Tajik? Na fi su iya zama su."

Ya aske gemu, ya ari hula. Har ya koyi yi mata tsawa da sabon sunan.

A gidajenmu akwai ɗan bututu mai ayoyin Attaura a jikin kowace ƙofa. In za ka wuce sai ka taɓa shi, ka sumbaci yatsunka. Ba wanda ke tunani kafin ya yi.

Da aka kira Manzura, Baba ya raka ta har bakin ɗakin jarrabawa. Farin ciki ya ɗebe shi. Ya ɗaga hannu ya taɓa katakon ƙofar da babu komai a jikinsa, ya kai yatsu baki. Babban malamin na kallo.

"Manzura, ko?" in ji malamin, yana murmushi. "Zauna, 'yata."

Bai ma wahalar da kansa da yi mata tambaya ba, ya sallame ta. Ta dawo ta kama keken ɗinki, ba ta taɓa ɗora wa Baba laifi ba. Har yau ina jin haushin murmushin nan.

Da tsufa ya cinye hankalin Baba, ya manta sunana, ya manta an binne Inna. Amma kullum sai mu tarar da shi tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, ya danne hannun dama da na hagu, ya kasa fita. Mazol, da furfurarta, takan zo ta kama shi.

"Baba, taho mu ci abinci."

"Shiga ke kaɗai, Manzura," yakan raɗa mata. "Yi sauri. Na riƙe hannun, malamin bai gani ba."