Ƙafar Inno da Ƙafar Karen Lokotoro

Da ƙaya gyambon Inno ya fara. Inno 'yata ce, sunan mahaifiyata Lubabatu ta ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunan. A daminar shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a, zamanin mulkin Faransa, ta bi uwarta biki Gidimuni, ƙaya ta karce mata ƙwauri a bakin tafki. Kafin a kai gero rumbu karcen ya zama rami, faɗinsa kamar bakin ludayi. Mun sa bagaruwa, mun sa toka, wanzami ya yi nasa. Sai maƙwabcina Mala Modu, wanda gyambo ya sa aka yanke wa ƙaninsa ƙafa, ya ce in kai ta likita, wato asibiti, tun ƙafar tana tamu.

A rumfar likita muka tarar da masu gyambo a jere. Majo Iliya, shugaban masu ɗaurin ciwo, yana tsaye da farar riga yana raba mutane yadda suka zo, wannan dama, na bayansa hagu. Na dama kullum safe za a wanke musu a sake ɗauri. Na hagu kuwa sau ɗaya lokotoro, babban mai maganin wurin, zai kankare ciwon, ya barbaɗa garin magani, ya naɗe ƙafar da ƙyallen da aka tsoma a farar ƙasa, ta daskare kamar tukunya, a ce sai bayan makonni. Inno ta faɗo hagu.

Na ce, "Majo, don Allah a mai da ta dama, inda ake kula da mutane."

Ya ce, "Malam Alkasum, da na san wanne ya fi, da duk can zan kora su in huta. Shi kansa lokotoro bai sani ba. Gwadawa ake yi."

Ban taɓa jin mai magani ya ce bai sani ba.

Da za mu fita na ga tsohon karen lokotoro kwance a baranda, ƙafarsa ta baya cikin farar tukunya irin ta Inno. Na ce, "Har da kare?" Iliya ya yi dariya, ya ce wani ƙulli aka yanke masa, shi ma hagu ya faɗo.

A gida wari ya fara. Ni baduku ne a Birni, a cikin fata na girma, na san warin fatar da ta lalace tun daga ƙofar gida. Farar ƙasar ta yi tabo rawaya. Zainabu matata tana ta turaren wuta, ƙudaje ba su fasa ba. Inno ta ce zafin ya daina, tana cin tuwonta, har tana tsokanar ƙannenta da sanda. Wannan ya fi komai tsorata ni, don naman da ya mutu ba ya ciwo.

Wata safiya Mala Modu ya leƙo zaure. Ya ce, "Alkasum, ka ji? Karen nan na lokotoro ya mutu."

Na ɗauki wuƙar da nake yanka fata, na aza Inno a jaki. Na ce a raina ko su buɗe ko in buɗe a gabansu.

A bayan likita muka same su, an haƙa rami. Karen yana kwance a kan buhu, lokotoro yana tsugune da wani babban almakashi, idanunsa sun yi ja. Iliya ya dubi wuƙata, ya dube ni.

"Takalmi ka zo ɗinka mana?"

"Majo, ba wasa ya kawo ni ba. Abin da kuka sa masa shi kuka sa mata."

"To ka zo a sa'a. Lokotoro ya ce ba za a rufe shi ba sai ya ga ƙafar. Za ka iya kallon mushen kare?"

Na ce daga nesa.

Almakashi ya bi tukunyar yana ƙara, ta rabe biyu. Warin ya taso, shi ne na gidana, babu bambanci. Ƙyallen ya jiƙe da ruwa mai kauri. Lokotoro ya sa auduga ya share a hankali.

Ban san lokacin da na matso ba. Ƙarƙashin ƙazantar nan nama ne ja, mai tsabta, ƙwaya-ƙwaya kamar cikin rumman. Daga gefe kuma wata fata siririya, ta fi bawon albasa laushi, ta rarrafo ta ko'ina ta kusa haɗuwa a tsakiya. Iliya ya ce ciwon daji ne ya kashe shi, ya bar ƙafa ya shiga ƙirji tun kafin a yanke ƙullin. Wato dabbar nan tana mutuwa, ƙafarta kuwa tana can cikin duhu tana ɗinke kanta, ba allura, ba zare, ba idon da ke gani. Na ƙare rayuwata a kan fatar da ta mutu, ban taɓa ganin fata tana tsira ba. Na ji bakina yana tasbihi, a kan kare, gefen rigata yana jan ƙasa kusa da shi.

Iliya ya ce, "Ban ce na Inno haka yake ba, ban gani ba. Kawo ta." Ya taɓa goshinta, ya latsa farcen babban yatsanta, ya yi fari, jini ya dawo nan da nan. "Ba zazzaɓi, yatsu da ɗumi. In ka ce a buɗe, yanzu zan buɗe, 'yarka ce. In ka bari, ka ci gaba da shaƙar wari."

Inno ta ce, "Baba, ni ƙaiƙayi kawai nake ji."

Na soke wuƙata a ɗamara, na juya kan jaki.

Ranar buɗewa ban iya tsayawa kusa ba sai da na ji Iliya ya ce, "Malam, zo ka ga kayanka." Ƙafar ta rame kamar kara. Ramin ya cike, abin da ya rage bai fi ƙwallon dabino ba.

Inno ta leƙa, ta ɓata fuska. "Wannan fatar ba tawa ba ce, ja ce."

"Taki ce, sabuwa ce," in ji Iliya. "Rana za ta rina miki ita."

Na tambaye shi ko yanzu an san wanne ya fi, dama ko hagu. Ya ce da saura, ƙafa ɗaya ba ta isa a sani ba. Ya ce za a sake rufe ta sau ɗaya, ya tsoma ƙyalle a ruwa. Na durƙusa na tallafe diddigenta da tafin hannuna, ya fara naɗi.